Gyara kayanka ko sauke mu raba? Labarin rakodar Babanmu

Ruwan daminar 2024 ne ya tono ta. Daren da katangar gabas ta ɗakin Baba ta zauna, gari na wayewa ni da ƙanena muka shiga fitar da kaya, muna jan abin da ya jiƙa zuwa tsakar gida. Ƙarƙashin gadon ƙarfe, bayan wata fitilar ƙwai da ƙwanta ya daɗe da fashewa, muka iske akwatin da ya dawo da shi daga Abijan. A ciki ga rakodarsa lulluɓe da tsohon zanen Inna, ga gwangwanin biskit cike da kaset. Ruwa bai taɓa su ba. Baba, Allah ya jiƙansa, yana da shekara goma sha uku da rasuwa a lokacin, kuma ko ranar rabon gado babu wanda ya ambace ta, don babu wanda ya ɗauke ta a matsayin dukiya.

Wanda bai kai shekara talatin ba sai an yi masa bayani. Sharp ce, baƙa, mai ɗakin kaset biyu, da sipika biyu da ake iya zarewa a ajiye gefe, da mariƙi a sama, da eriya mai miƙewa. Manyan batir takwas take ci, irin na babbar tocila, waɗanda mu nan muke kira pil. A 1986 Baba ya shigo da ita Babankatami, ina ɗan shekara shida, kuma na tuna sai da aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida saboda masu zuwa kallo.

Baba ɗan cin rani ne, kamar yawancin mazan Adar na zamaninsa da na yanzu. Ikko ya fara zuwa. A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, ya dawo da rigar jikinsa. Shekara ta zagayo fari ya zo, Buhari kuma ya rufe iyaka a 1984, har yau tsofaffinmu El-Buhari suke kiran yunwar nan. Da ƙofar kudu ta rufe sai ya bi ƴan garinmu zuwa Abijan, ya kafa tebur a Ajame yana sayar da ƙananan kaya. Bai yi boko ba, Inna ma haka. Wasiƙa kuwa sai an sami mai rubutawa a can, an sami mai karantawa a nan, wato baƙi biyu ke nan a tsakanin miji da mata. Kaset ya kawar da su duka. Sai ya zauna da dare ya yi maganarsa a ciki, duk wanda zai taho gida ya ba shi. Da farko aron rakodar maƙwabta muke yi mu saurara, mai rakodar na zaune yana ji. Abin da ya sa ya tara kuɗi ya sayi tasa ke nan. An ji Shata a cikinta, an ji Ɗankwairo da Ɗan Anace da Ɗan Gurmu, an bi kokowar ƙasa ta Muryar Sahel har batir ya mutu. Amma ba don waƙa aka saye ta ba.

Ƙanena bai ɓata lokaci ba. Ya dube ta, ya dubi katangar da ke kwance, ya ce, "Yaya, a sayar. Ko kuɗin magini ta biya." Na buɗe baki zan ce da tsohuwar zuma ake magani, ya riga ni da cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ya nuna mini wayarsa, ya ce duk waƙar da rakodar nan ta taɓa rerawa tana cikin katin memori da bai kai farcen yatsa ba. Ba zan ɓoye ba, yana da gaskiya, kuma shi ne mai bakin magana: shi ke zaune a gidan da iyalinsa da Inna, shi ruwa zai zubo wa. Ni ina ƙauyen da nake koyarwa, sai ƙarshen mako nake leƙowa.

A shekarar an ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya, don haka ina da lokaci. Na ɗaure ta a bayan babur na nufi Madawa, inda aka kwatanta mini wani dattijo mai gyaran rediyo da har yanzu yake taɓa kayan kaset. Rumfarsa ƙarama ce, rabin aikinsa yau cajin waya ne da gyaran tocila mai sola. Da ya ga abin da na sauke sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya share teburin da hannun riga.

Ya kwance ta a gabana yana nuna mini. Robar da ke ɗaukar juyi daga inji zuwa ƙafafun kaset ta narke, ta zama kamar kwalta, ta manne wa komai. A ɗakin hagu, ƴar tayar roba da ke danne zaren kaset ta ja shi ta bushe ta yi ƙarfi, wani ɗan haƙorin roba kuma ya tsage. Wani ya bar batir a ciki shekaru, ruwansu ya zubo ya cinye wayoyin da ke riƙe su. Ga ƙura, ga saƙar gizo. Da ya ba inji wuta kuwa sai ya juya. Ya ɗaga kai ya ce, "Mushe, ranta bai fita ba."

Sai ya jera mini hanyoyi. Ta farko, in bar masa ita ya ba ni jika goma sha biyu. Sipikun nan biyu su ya fi so, ya ce irinsu ba sa shigowa yanzu. Inji da eriya da sauran ƙananan kaya zai zuba a ajiya, ragowar ya ba masu sayen tsohon ƙarfe. Ta biyu, ya kwashe kayan kaset gaba ɗaya ya dasa mata ɗan allon nan mai karanta memori, ta riƙa waƙa daga waya, daga waje kamar ba a taɓa ta ba. Ya ce samari na son wannan. Ta uku, gyara na sosai, komai ya koma yadda yake: jika ashirin da biyar ko fiye, sai ya aika Maraɗi ko Kano neman kaya, kuma ba ya rantsuwa za a samu. Na tambaye shi me ya sa ba ya rantsuwa. Ya juya ya nuna mini kantar da ke bayansa, cike da gawarwakin rakodoji, wata ba murfi, wata ba ciki. Ya ce, "Duk wadda ka ga na tayar, wata ta ci. Sai an yanka wata ake raya wata."

Maganar nan ta bi ni har gida. Na tafi Madawa ina ganin sayar da ita gunduwa-gunduwa kamar cin amanar mamaci ne. Sai ga shi ni kaina aikina ke nan kowane Oktoba. Duk malamin ƙauye ya sani: ka iske bencina uku a karye, ka kira kafinta ko ka ɗauki hama da kanka, ka cire katakon wannan ka buga wa wancan, uku su zama biyu. Littattafan karatu biyar da suka yayyage, ka tsinci shafuffukan ka ɗinka uku cikakku. Ban taɓa tsayawa na yi wa bencin da aka yanka ta'aziyya ba, yaran da za su zauna nake gani. To me ya sa wannan ta zama dabam? Idan sipikar Baba ta koma rakodar wani tsoho a Keita ko Buza ta ci gaba da magana, ina laifin?

Akwai ma wata hanya da ta fi duka hankali, dattijon da kansa ya kawo ta: in sayar masa da babbar, ya ba ni wata ƴar ƙarama mai aiki, ya cika mini canji. Kaset ai ba ya tambayar wace rakoda aka sa shi. A lissafi babu abin da ya kai wannan, kuma na kusa amsawa.

Abin da ya hana ni a ranar ba abin yabo ba ne, gara in faɗa. Burin nunawa ne. Tun muna makarantar horon malamai ta Kawsen a Tawa ake nanata mana cewa darasi ya fara daga abin da yaro ya sani a garinsu. Tun a kan babur na gama tsara darasin a kaina: in shigo aji shida da rakodar a kafaɗa, in ɗora ta kan tebur, in danna, yara su ji muryar wani mutumin garinsu daga Abijan shekara kusan arba'in da suka wuce. Cin rani, fari, tarihi, duk a bakin mutum guda. Har na hango insifekta yana gyaɗa kai. Ƙaramar rakoda ba za ta yi wannan kwarjinin ba.

Da dare na zayyana wa Inna komai, har da darasin. Tana tsinkar zogale, ba ta ɗago ba sai da na gama. Ta ce, "Wa ya ce maka da ƴan lakwal ɗinka ubanku yake magana?"

Na yi shiru. Ta ce kowane kaset fuska biyu gare shi. Fuskar farko ta gida ce duka: gaisuwa, saƙon kuɗi, wa za a ba me, a gaida liman, a gaida maigari. Fuska ta biyu tata ce. Nan take wani abu ya faɗo mini da ban taɓa haɗawa ba. Duk ranar da kaset ya zo, da an ji ƙarar maɓalli ya tashi, fuskar farko ta ƙare, sai Inna ta ce mu je mu ba awaki ruwa. Ko awakin sun sha. Shekaru ina ɗauka tsananin kula da dabbobi ne.

Ta ƙara da cewa kaset ɗin nan ba za su fita gidan ba, ba kasuwar Madawa ba, ba aji ba. Ƙaramar rakoda kuma ba ta so. Ta sa na miƙo mata babbar, ta lalubi maɓallan da yatsa, idonta ya yi rauni yanzu. Ta tsaya kan ɗaya a ɓangaren hagu ta ce in taɓa. Akwai ɗan tsagi da aka yi da wuƙa. Baba ne ya yi mata shi kafin ya koma, don ta gane na kunnawa ko cikin duhu, ba sai ta kira yaro ba. Ta ce, "Wannan na sani. Idan ka kawo wata, sai na nemi mai danna mini."

A nan maganar ta sauya. Ina ta auna rakodar da ma'aunin kuɗi da na tunawa da Baba, ashe mai ita tana raye, tana zaune a gabana, kuma abin da take bukata ƙarami ne ƙwarai: ɗaki ɗaya mai juyawa, maɓalli ɗaya mai tsagi, sipika ɗaya. Ba ta bukatar rediyo, ba ta bukatar ɗaukar magana, ba ta bukatar ta yi ƙyalli.

Na koma Madawa da wannan. Dattijon ya yi dariya ya ce ai na sauƙaƙa masa. A irin wannan rakodar, ɗakin hagu sauraro kawai yake yi. Na dama shi ne mai ɗauka, shi ke da kan da ke goge abin da ke kan zare. Idan na hagu kaɗai ke aiki, ko jika ya zo ya danna jan maɓalli babu abin da zai gogu. Tayar roba da haƙorin ɗakin dama lafiyarsu ƙalau, kuma girmansu ɗaya da na hagu. Sai ya yanka dama ya raya hagu. Ladansa: sipika ɗaya, da ragowar kayan ɗakin dama, da jika bakwai. Na tsaya ina jinjina sipikar, ya ce, "Mushe, mutum ɗaya ne ke magana a kaset ɗin, baki ɗaya ya ishe shi."

Kwana biyu ya yi a kanta. Ya kankare narkakkiyar robar, ya sa sabuwa, ya goge kan da ke karanta zare da auduga, ya sauya wayoyin batir. Abin da ya fi burge ni shi ne daidaita gudu. Idan inji ya yi sauri kaɗan, muryar babban mutum sai ta koma ta yaro. Idan ya yi nauyi, sai ta zama ta mai maye. Ba shi da na'urar awo. Wani tsohon kaset na Shata ya sa, ya zura ɗan siririn sukuddireba a bayan injin yana murzawa a hankali, kansa a karkace, har ya ce, "Yauwa, ga Alhaji nan." Muryar da ya shekara hamsin yana ji ita ce ma'auninsa. Kafin in tafi ya yi mini gargaɗi irin na likita: kaset da ya daɗe a ajiye kada a kunna shi kai tsaye, a fara juya shi da biro daga farko zuwa ƙarshe a dawo, don zaren ya saki, a duba ɗan audugar da ke ƙarƙashin zare ko ta faɗi, kada a ajiye su a rana ko a jikin sipika, saboda maganaɗisun da ke ciki.

Saura maganar gado, kuma ba ƙarama ba ce. Da zarar an ce abu ya yi jika goma sha biyu, ya zama dukiya, dukiyar kuwa ta magada ce. Na tambayi limaminmu, ya ce a tsaya kan kuɗin da aka taya, wanda ke son riƙewa ya biya sauran rabonsu, sai wanda ya yafe da bakinsa. Ƴan'uwana mata sun yafe, da sharaɗin in turo musu muryar Baba ta WhatsApp. Ƙanena ya karɓi nasa, na kuma ƙara masa a kan kuɗin magini, don ni na hana shi cinikin. Ban ji haushinsa ba. Wanda ya biya kuɗin a zahiri ƴaƴana ne: sun koma makaranta da takalman bara, sai ƙarshen Nuwamba na musanya musu. Uwargida ta ce na sayi rakoda mai ido ɗaya da ƙafafun yara. Har yau ban sami amsar da zan ba ta ba.

Kaset goma sha bakwai ne a gwangwanin. Babu kwanan wata a jikin ko ɗaya, sai alamun da Baba ya yi da biro. Wanda muka fara sawa, bayan sallar isha'i, a ɗakin Inna, ya ɗan yi shuu sannan aka yi gyaran murya, aka yi sallama. Ƙanena da ya ce a sayar shi ya fara sunkuyar da kai. Ni abin da ya kama ni dabam ne: mutumin da ke magana bai kai shekaruna na yau ba. Muryar saurayi ce mai sauri, da ƙarar motocin Ajame a bayansa. Ya gaida kowa da sunansa, har da waɗanda mu kanmu mun manta. Ya tambayi gero. Ya ce labarin rasuwar Kunce ya iske su, ƴan Nijar na can sun taru sun yi addu'a. Da wannan na gane lokacin, don Seyni Kunce ya rasu ne ranar 10 ga Nuwamba 1987 a Paris. Sai ya ce yaron nan da aka sa lakwal bana, kada wanda ya cire shi don kiwo, ko da awakin za su kwana da yunwa. Idan an bukaci kuɗin alli da littafi a ci bashi, zai biya. Ni ne yaron. Shekara ashirin ina tsayawa gaban allo ban san an taɓa yin wannan maganar a kaina ba.

Darasin da na yi mafarki bai faru ba, amma ajin bai tashi a banza ba. A cikin goma sha bakwai ɗin akwai ɗaya da mu muka aika masa, ya dawo da shi. A ciki akwai wani yaro da aka tsayar ya yi wa babansa ƙirga da Faransanci, ya tsallake bakwai, aka ji muryar yayarsa tana gyara masa, ya fashe da kuka. Wannan Inna ta ce nawa ne, in yi yadda na so. Na kara waya a bakin sipika na ɗauka, na sa wa ƴan aji shida. Sai da na bari suka gama dariya na faɗa musu ko wane ne. Daga nan na ɗaga musu wani kaset da ba komai a ciki, na gaya musu kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 1963, kuma zaren yana tafiyar santimita 4,76 a kowace daƙiƙa. Fuska ɗaya minti talatin ce. Zaren mita nawa ne? Wata yarinya a bencin baya, ɗaya daga cikin bencinan da na haɗa da hannuna, ta riga kowa: mita 85 da santimita 68. Ba su yarda ba sai da muka zare shi a filin makaranta muka auna da igiya.

Fuskokin farko na kwashe goma sha ɗaya zuwa yanzu, a hankali, duk ƙarshen makon da na zo. Biyu zarensu ya tsinke, na ajiye su sai na koyi liƙawa. Fuskoki na biyu ban taɓa ba, ban kuma san abin da za a yi da su ba ranar da babu Inna. Idan ba a kwashe su ba, zafi da shekaru za su cinye su. Idan an kwashe, wani zai ji. Sau biyu ina shirya tambayarta, bakina ya ƙi.

Rakodar na nan a ɗakinta kan akwatin, gefe ɗaya da sipika, gefe ɗaya da ramin inda ta dama take. Nakan sayo mata batir takwas duk wata. A daren farkon nan, da fuskar farko ta ƙare maɓalli ya tashi da ƙara, duk muka yi tsit, ni da ƙanena da matanmu da yara. Inna ta gyara zama ta ce, "To, a je a ba awaki ruwa." Gidan yanzu akuya ɗaya ce, kuma tana barci. Muka tashi muka fita, na ja mata ƙofa, na kora yaran can bakin zaure.